Yadda Za Ka Lissafa Sola a Legas Kafin Ka Je Kasuwa: Wat, Awa da Hasken Rana

Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, duk majalisar da ka zauna a Agege, Mile 12 ko Idi-Araba, in hira ta yi nisa sai an gangaro kan sola. Kunna janareta ya koma sai mai hali. A Afrilun 2024 kuma hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga masu layin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, sai kowa ya fara ɗaga kai yana duban rufin kwanonsa. Yawancinmu kan tafi kasuwa da tambaya ɗaya a baki: "Farantin wat nawa zan saya?" Mai shago ba zai gaya maka tambayarka gurguwa ce ba. Abin da ke gabansa zai miƙo maka.

Haka ta faru da wani ƙanena mai shagon kayan masarufi a Agege. Ya sayi faranti ɗaya mai wat 300 da batir ɗaya, ya jona firiza da fanka. Da rana lafiya lau. Ƙarfe biyun dare na yi inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta soket, ta fara kuka, da asuba ƙanƙara ta narke, kunun aya ya yi tsami. Ya kira ni ransa a ɓace: "Yaya, an sayar mini da jabu." Da na je na duba, kayan ba jabu ba ne. Ya lissafa ƙarfin wuta ne ya manta da lokaci. Da lissafin shagon nasa zan yi misali har ƙarshe, kai kuma ka sa alƙalumanka a gurbin nasa.

Mataki na farko: raba wat da wat-awa

Ka taɓa tsayawa wurin da masu kurar ruwa ke cika jarkoki? Abu biyu ne a wurin. Akwai ƙarfin zubar famfo, akwai kuma yawan ruwan da ya taru a jarka. Famfo mai ƙarfi da aka buɗe minti ɗaya zai iya tara ƙasa da abin da mai tsiyaya ya tara a awa guda. Wat, wanda ake rubutawa da harafin W a jikin kaya, shi ne ƙarfin zuba. Makamashi shi ne ruwan jarka. Masana kimiyya suna auna makamashi da jul, wat ɗaya kuma yana nufin jul ɗaya a kowane sakan. Ka ga tun daga tushe akwai lokaci kwance a cikin wat.

Jul ƙaramin mudu ne, shi ya sa a harkar wuta ake amfani da wat-awa, wato Wh. Lissafinsa: wat sau awa. Ƙwan lantarki mai wat 10 da ya kwana awa 6 a kunne ya sha Wh 60. Wh 1,000 shi ne kWh ɗaya, kuma shi ne yunit ɗin da kake loda wa mitar kati ta Ikeja Electric ko Eko, daidai da jul miliyan 3.6.

Butar lantarki mai wat 2,000 abin tsoro ce a ido, amma cikin minti 3 ta tafasa ruwa kusan lita ɗaya, ta sha Wh 100 kacal. Fankar sama mai wat 70, wadda ba wanda ke zarginta, in ta yi awa 10 tana juyawa ta sha Wh 700, ninkin butar sau bakwai. Butar tana wahalar da inbata ne a 'yan mintocin da take kunne, fanka kuwa batir take tsotsa dare farai. Inbata wat take ji, batir da faranti kuwa wat-awa suke biya.

Mataki na biyu: ɗauki biro da takarda ka zagaya

Kowane kayan wuta yana da tambari a baya ko a ƙasa. In an rubuta W, shi ke nan. In bolt da amfiya kawai aka rubuta, wato V da A, ninka su ka sami wat. Gaban kowane kaya rubuta awa nawa yake aiki a yini, kuma kada ka yi wa kanka ƙarya. Fankar da ka ce awa biyar take yi, a zafin Maris kwana take yi.

A shagon ƙanena mun sami ƙwai huɗu masu wat 10, kowanne awa 6, jimla Wh 240. Fanka mai wat 70 awa 10, Wh 700. Talabijin mai wat 50 awa 5, Wh 250. Yana cajin wayoyin hannu kamar goma a rana. Batirin waya mai lamba 5,000 mAh yana ɗauke da kimanin Wh 19, sai muka sa 20 ga kowace, Wh 200 ke nan.

Firiza ita ce mai wayo. An rubuta wat 120 a jikinta, amma injinta ba ya aiki awa 24 cur, tashi yake yi ya huta. A shagon da ake yawan buɗe murfi, ga zafin Legas, ɗauka rabin lokaci yake aiki: wat 120 sau awa 12, Wh 1,440. In kana son tabbaci, akwai 'yar na'urar auna wuta da ake sokawa a soket sannan a soka firizar a jikinta. Bar ta awa 24 ka karanta. Kuɗinta bai kai na buhun kunun da zai lalace ba.

Jimlar duka Wh 2,830, wato ƙasa da yunit uku a rana. Firiza kaɗai ta cinye rabi. Dutsen guga, hita da murhun lantarki ban sa su ba, kuma shawarata kada ka sa. Mayar da lantarki ya zama zafi shi ne aiki mafi cin wuta a gida, gas ya fi sauƙi a nan.

Kafin ka wuce, sake duba takardar ka ga abin da za a rage. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da hasken da LED mai wat 9 ko 10 ke bayarwa, sauran wutar zafi kawai take zama. Fankar DC, wato mai aiki da irin wutar batir, takan ci wat 20 zuwa 30. Duk wat-awa da ka rage a nan, ka rage shi a faranti, ka rage shi a batir.

Mataki na uku: san ranar da ke kan Legas

Nan ne nake so mu ɗan zauna, don a nan ake yawan tafka kuskure.

Tsakaninmu da rana kimanin kilomita miliyan 150 ne. Haske yana gudun kilomita kusan 300,000 a sakan ɗaya, ba abin da ya fi shi sauri, amma duk da haka sai ya yi minti 8 da sakan 20 kafin ya iso. Ranar da kake gani tana faɗawa teku a Badagry, yadda take minti takwas baya kake kallo. An daɗe ana gardamar ko haske yana ɗaukar lokaci ko nan take yake isa, sai a 1676 Ole Romer, ɗan ƙasar Denmark, ya nuna yana ɗauka, bayan ya lura cewa kusufin ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupita yana makara idan ta yi mana nisa. A cikin ranar kuwa, kowane sakan kimanin tan miliyan 4 na nauyinta ke rikiɗa ya zama makamashi, bisa ƙa'idar da Albert Einstein ya fitar a 1905. Ɗan guntun wannan ne ke sauka a kwanon shagon Agege.

A wannan shekarar ta 1905 Einstein ya kuma bayyana cewa haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kowace ƙwaya da ƙunshin makamashinta gwargwadon launinta, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel ta 1921. Farantin sola da sinadarin silikon ake yinsa. Idan ƙwayar haske mai isasshen ƙarfi ta faɗo masa, sai ta zaburar da lantarki ya motsa. Wadda ƙarfinta bai kai ba, ba ta tayar da komai, sai dai ta ɗumama farantin. Edmond Becquerel na Faransa ya fara ganin haske na haifar da lantarki tun 1839, amma sai a 1954 aka ƙera ƙwayar silikon mai amfani a ɗakin binciken Bell na Amurka, tana juya kashi 6 cikin 100 na haske zuwa wuta. Na kasuwa yanzu suna yin kashi 20 zuwa 22.

Me wannan ya shafe ka da shi? Sau da yawa za ka ji ana cewa, "Yau rana ta yi zafi, batir zai cika." Ba zafi ke caji ba, haske ne. Zafin ma cuta yake wa farantin. Wat ɗin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin kuma yana digiri 25. A kan kwano da tsakar rana zai iya kai digiri 60. Duk digiri ɗaya sama da 25 yana zaftare kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100, don haka faranti mai wat 550 zai dawo wajen 485 ba tare da wata cuta ba. Zafin nema ba ya kawo samu, a nan ma haka ne.

Sai maganar awanni. Legas tana digiri 6.5 arewa da layin tsakiyar duniya, shi ya sa tsawon yini bai cika nisa da awa 12 ba, rani da damina. Amma kada ka ninka wat ɗin faranti sau 12. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya a karkace suke zuwa, sun ratsa iska mai kauri, ba ƙarfi. Masu sana'ar sukan tattara hasken yini duka su tambaya: da a ce cikakken ƙarfin tsakar rana ne, awa nawa zai yi? A Kano amsar ta kusa awa 6. A Legas tsakanin 4 da 5 ce, a Yuli da Agusta kuwa, lokacin da gajimare ke wuni a kan gari, takan sauka ƙasa da 4. Don haka in ɗan'uwanka a Fagge ko Gusau ya ce faranti biyu sun ishe shi firiza da fanka, gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar garinsu. Kai da 4 za ka yi lissafi.

Akwai kuma abin da duk mai sallah a Legas ya sani ko bai san dalili ba. Azahar ba ta shiga da sha biyu. Duniya tana juya digiri 15 a awa, wato digiri ɗaya a minti 4. Agogon Najeriya an ɗaura shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Legas kuwa tana wajen digiri 3.4. Tazarar ta kai kusan minti 46. Shi ya sa rana ke tsayawa tsaka a nan tsakanin 12:30 a farkon Nuwamba da ƙarfe 1:00 a Fabrairu, kuma Kano, da ke wajen digiri 8.5, take riga mu zawali da kimanin minti 20. Ga mai sola, ma'anar ita ce kasuwar farantinka tana ci ne daga wajen goma na safe zuwa uku da rabi, tsakiyarta dab da kiran azahar. Duk aiki mai nauyi, kamar daskarar da sabon kaya, tura ruwa tanki ko cajin wayoyi da yawa, jawo shi cikin wannan tsakani.

Mataki na huɗu: faranti nawa

Wuta ba ta tafiya daga rufi zuwa soket ba tare da ta bar wani abu a hanya ba. Zafi ya ci nasa, ƙura ta ci, kebul ya ci, batir da inbata su ci. A dunƙule, ɗauka kashi 70 cikin 100 ne zai iso hannunka. Raba buƙatarka da 0.7: Wh 2,830 ya zama kusan 4,000. Raba wannan da awa 4 na ranar Legas, ka sami wat 1,000. Faranti biyu masu wat 550 sun biya, har da ɗan canji.

Gwada lissafin da ranar marka. Wat 1,100 sau awa 3 sau 0.7 ya ba da Wh 2,310, ƙasa da buƙata da kusan 500. Zaɓi uku gare ka: ƙara faranti na uku, ko bari wutar NEPA ta cike giɓin in an kawo, ko rage fanka da talabijin a irin ranakun, tunda gari da sanyi ma. Shi kuwa farantin ƙanena mai wat 300, a rana mai kyau Wh 840 yake kawowa. Firizar kaɗai ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

In kana shakkar tambarin faranti, auna shi da tef. Na gaske mai wat 550 tsawonsa ya kusa mita 2.3, faɗinsa ya ɗan haura mita 1.1. Haske wat 1,000 ne a murabba'in mita, farantin kuma kashi ɗaya cikin biyar yake kamawa, don haka murabba'in mita ɗaya ba zai ba ka fiye da wat 200 da 'yan kai ba. Duk wanda ya nuna maka faranti kamar ƙofar taga ya ce wat 500 ne, ko a Alaba ne ko a ina, yi masa sallama.

Mataki na biyar: batir, rumbun hasken rana

Rana tana bayarwa da azahar, kai kuma bayan isha ka fi buƙata. Aikin batir shi ne ɗauko hasken ɗazu ya kawo maka shi anjima. Saboda haka ba buƙatar yini duka za ka auna masa ba, sai ta lokacin da ba rana.

Koma kan takardarka ka tsaga ta biyu. A shagonmu, abin da ke aiki bayan rana ta yi sanyi: ƙwai Wh 240, rabin fanka 350, talabijin awa uku 150, rabin firiza 720. Jimla 1,460. Inbata tana cin nata kamar kashi 10 cikin 100, sai ya tashi kimanin 1,600.

A jikin batir za ka ga V da Ah, wato bolt da amfiya-awa. Ninka su. Batir mai bolt 12 da Ah 200 yana ɗauke da Wh 2,400 a takarda. Amma batirin ruwa, irin dogon nan mai tsaye, ba a kwashe masa fiye da rabi. In kana tatse shi ƙarƙaf kullum, wanda ya kamata ya yi shekaru zai mutu cikin watanni. Ashe Wh 1,200 ne naka a cikin guda ɗaya. Ga dalilin da ya sa inbatar ƙanena ke kuka ƙarfe biyun dare: buƙata 1,600, rumbu 1,200, shi ma bai taɓa cika da rana ba. Biyu ake so, a jera su bakin ƙari (+) na ɗaya ya haɗu da bakin ragi (-) na ɗayan, su ba da bolt 24 da Wh 4,800, rabinsa 2,400.

Batirin litiyam, musamman mai tambarin LiFePO4, ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye. Mai bolt 25.6 da Ah 100 yana da Wh 2,560, naka a ciki kusan 2,000, ya wadatar da wannan shago. Ya fi tsada ranar saye, amma yana jure caji da saukewa sau dubbai, ba ya son a ƙara masa ruwa, ga rashin nauyi ga ɗan haya da ka iya tashi. Ni dai in aljihu zai ɗauka shi nake zaɓa. Wanda ya tsaya kan na ruwa ya kiyaye uku. Kada ya haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa. Ya ajiye shi inda iska ke shiga, don yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta yayin caji, kuma zafi na gajarta masa kwana: ƙarin digiri 10 a kan 25 kan raba rayuwarsa kusan biyu. Ya kuma riƙa duba ruwansa duk wata yana cikawa da tataccen ruwan batir, ban da na famfo ko na leda.

Mataki na shida: inbata, kwantirola da kebul

Inbata tana juya wutar batir ta koma irin ta soket, bolt 230 mai kai-komo sau 50 a sakan. A nan wat za ka tara, ba wat-awa ba. Haɗa duk abin da zai iya kasancewa a kunne lokaci guda: ƙwai 40, fanka 70, talabijin 50, caja 50, firiza 120, jimla 330. Sai dai injin firiza in zai tashi yakan fizgi ninkin wat ɗinsa sau uku zuwa biyar ko fiye, na ɗan sakan. Da wannan fizgar mun kai wajen 800. Inbata mai kVA 1.5, wadda a aikace take ba da kimanin wat 1,200, ta isa. Nemi mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta NEPA, don mai araha da ke sa fanka gurnani tana ƙona injin firiza a hankali.

Kwantirola ita ke tsakanin faranti da batir. Iri biyu ne, PWM da MPPT. Ga manyan faranti irin na wat 550, MPPT za ka saya, don ita ce ke iya karɓar bolt mai yawa ta sauke shi daidai batir ba tare da zubar da rarar ba. Girmanta: wat 1,100 raba bolt 24, kusan amfiya 46, sai ka ɗauki mai 60. Duba lambar Voc a bayan faranti, wato bolt ɗin da yake fitarwa in ba a jona masa komai ba, ta kusa bolt 50 ga irin wannan. In ka jera biyu sun zama 100, ka tabbata kwantirolar ta yarda da fiye da haka. Inbata da yawa yanzu suna zuwa da kwantirolar a cikinsu, amma lambobin da za ka duba ba su canza ba.

Kebul ne wurin da ake yi wa mutane ƙwange. Zafin da ke tashi a kebul yana bin amfiya ne ninki-biyu: ka ninka amfiya sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu. Wat 1,200 a bolt 12 amfiya 100 ne, a bolt 24 kuwa 50. Dalili ke nan da ya sa 24 ta fi. Tsakanin batir da inbata sa kebul na tagulla zalla mai kauri, aƙalla murabba'in milimita 16, gajere iya yiwuwa. Kankare bakinsa ka gani kafin ka biya, akwai alminiyam da aka shafa wa ruwan tagulla. In ka taɓa kebul yana aiki ka ji ɗumi sosai, kuɗinka ne ke ƙonewa.

Mataki na bakwai: hau rufi ka yi wuni da inuwa

In haya kake, fara da mai gida, kuma a rubuta cewa kayan naka ne, za ka cire in za ka tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ka ware rana guda. Duba wurin da kake son kafawa ƙarfe tara, sha ɗaya, ɗaya, uku da huɗu. A unguwanninmu masu cunkoso abokan gaba su ne tankin ruwa, dish, eriya, benen maƙwabci da wayoyin wuta. Ƙwayoyin faranti a jere suke kamar tsakiya a zare, inuwar da ta rufe kaɗan tana iya durƙusar da kashi ɗaya cikin uku na farantin ko fiye. Ka tuna kuma inuwa tana ƙaura da watanni. Sau biyu a shekara rana ke bi ta kan Legas daidai, farkon Afrilu da farkon Satumba. Tsakanin waɗannan tana karkata arewa da tsakar rana, sauran shekara tana kudu, ta fi nisa a Disamba. Benen da ke kudu da kai, wanda bai dame ka a Yuni ba, zai iya rufe ka da hunturu.

Don gane kudu da arewa ba sai da na'ura ba. Kafa sanda a miƙe a fili, ka riƙa sa alama a bakin inuwarta daga sha biyu zuwa ɗaya da rabi. Inda inuwar ta fi gajarta, layinta shi ne kudu da arewa, lokacin kuma shi ne zawali. Da wannan dabarar malamanmu suka san azahar tun ba agogo.

Fuskantar da farantin kudu, ka ɗaga shi kamar digiri 10. Kada ka kwantar da shi shimfiɗe ko da lissafi ya nuna bambancin kaɗan ne, don ruwan sama na buƙatar gangara ya wanke datti. Bar tazarar kamar faɗin tafin hannu ko fiye tsakaninsa da kwano iska ta ratsa. Masu zama kusa da ruwa, irin su Ajah, Apapa da Badagry, su nemi ƙarfen alminiyam da kusoshin da ba sa tsatsa, iskar gishiri ba ta da tausayi. A ɗaure da kyau, guguwar farkon damina tana ɗaga abin da aka ɗora da dutse kawai.

Mataki na takwas: jonawa

Wannan aikin mai gyaran wuta ne da ya san sola, amma ka tsaya a kansa ka san abin da ya kamata ka gani. Batir ake fara jona wa kwantirola, sannan faranti. In za a kwance, faranti ake fara cirewa. A rufe farantin da kwali yayin aiki, don muddin haske na taɓa shi yana da wuta, bolt 100 kuma ba abin wasa ba ne. A sa fis ko bireka na DC dab da batir, wani kuma tsakanin faranti da kwantirola. Mai aiki ya cire zobe da agogon ƙarfe, sifana ɗaya da ta haɗa bakunan batir biyu tana iya narkewa a hannu. A sa makunnin sauya layi yadda wutar inbata ba za ta taɓa komawa layin NEPA ba, don akwai mai aiki a kan falwaya da ya ɗauka layin a mace yake.

A binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da firam ɗin faranti da inbata, a sa na'urar kare fizgar tsawa. Haske da lokaci suna da amfani a nan ma. Walƙiya tana iso maka kusan nan take, ƙara kuwa mita 340 da ɗoriya take yi a sakan, wato kilomita ɗaya a sakan uku. In ka ga walƙiya ka ƙirga, tsawa ta biyo kafin ka kai talatin, hadarin yana cikin kilomita goma da kai. Wanda ke kan rufi ya sauko.

Mataki na tara: littafin mako biyu

Bayan an gama, ajiye ɗan littafi kusa da inbata. Kullum rubuta abu uku: Wh nawa kwantirola ta nuna an samu, ƙarfe nawa batir ya cika, da yadda ya kwana da asuba kafin rana ta fito. Ga batirin ruwa mai bolt 24, in an kashe kaya ya ɗan huta, 25.4 cikakke ne, 24.2 zuwa 24.4 rabi ne, ƙasa da haka ka ci fiye da ƙima. Litiyam bolt ɗinsa ba ya sauka sosai sai dab da ƙarewa, don haka kason da allonsa ke nunawa za ka karanta.

Faranti biyun nan a rana mai haske ya kamata kwantirola ta nuna wajen Wh 3,500 zuwa 4,500, matuƙar akwai kayan da ke jan wutar, don in batir ya cika tana rage karɓa da kanta. In ka ga rabin haka kwana uku a jere alhali gari garau, duba ƙura, duba sabuwar inuwa, duba ko wani mahaɗi ya saki. Da hazon Disamba da Janairu wanke farantin duk mako da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko bayan la'asar, ba lokacin da gilashin ya ɗauki zafi ba. Ban da omo, ban da soson ƙarfe, kuma kada yaro ya taka shi da ƙafa.

Ƙanena ya ƙara faranti, ya sayar da batir ɗin nan ɗaya ya ɗauki litiyam. Ya kuma canza lokacin zuba kaya: sabon kunu da ruwan leda suna shiga firiza ƙarfe goma na safe, su daskare da wutar rana, da dare murfin a rufe yake sai dole. A littafinsa na Agusta akwai kwana huɗu da batir bai cika ba, a ranakun ya kashe talabijin tun tara.